Kashewa ko takunkumi? Neman kalmar Hausa ga "gene silencing" a sankarar hanji

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Likitoci da malaman kimiyya da ke nan, ku taimaka. Ina mayar da wani bayani kan sankarar babban hanji zuwa Hausa don shirin lafiya na rediyo, sai kalmomi biyu suka tsaya min a wuya: gene silencing da DNA methylation. Gene dai mun saba da ce mata ƙwayar gado, cell kuma ƙwayar halitta. Na rubuta "kashe ƙwayar gado", amma raina bai kwanta da ita ba. Me kuka gani?

Likita:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata. A kunnen mai sauraro abin da aka kashe ya tafi ke nan, alhali a nan ƙwayar gadon tana nan lafiya lau, ko harafi ɗaya bai goge daga rubutunta ba. Hana karanta ta aka yi.

Ga yadda abin yake. DNA rubutu ne da haruffa huɗu: A, C, G, T. A farkon ƙwayoyin gado da yawa akwai wani yanki da C da G ke bin juna a jere, kuma daga nan ake fara karatu. Metil ɗan ƙaramin sinadari ne, kabon ɗaya da haidirojin uku. Idan aka jera shi a kan waɗannan C ɗin, wasu furotin sukan zo su zauna a wurin, zaren DNA ya dunƙule, mai karatu ya rasa ta inda zai shiga. Furotin ɗin da ƙwayar gadon ke bayarwa sai ya daina fitowa. Jiki mai lafiya ma yana yin haka da gangan, yana cikin dalilan da suka sa ƙwayar hanta ba ta yin aikin ƙwayar ido, duk da rubutunsu ɗaya ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan abin ya sauka a kan masu tsaro, wato ƙwayoyin gadon da ke kare jiki daga sankara.

Misalin da ya fi fitowa fili a hanji shi ne ƙwayar gadon da ake kira MLH1. Aikinta gyara kurakuran da ake yi yayin kwafar DNA. A 1997 da 1998 masu bincike a Amurka suka nuna cewa a yawancin sankarar hanjin da gyaran kwafi ya lalace a cikinta, ba tare da an gada ba, metil ne ya rufe MLH1. Kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar babban hanji na da wannan lalacewar gyara. Da mai gyara ya yi shiru, kurakurai sai su yi ta taruwa, tsiron da ke bangon hanji ya rikiɗe ya zama sankara. A 1999 Minoru Toyota da Jean-Pierre Issa da abokan aikinsu suka bayyana wani rukunin sankarar hanji da ake rufe ƙwayoyin gado da yawa a tare, suka sa masa suna CIMP. An fi ganinsa a ɓangaren dama na hanji, a tsofaffi, musamman mata.

Shawarata: takunkumi. Wanda ya taɓa ganin jaki an sa masa takunkumi za a ratsa gona da shi ya san bakinsa na nan, haƙoransa na nan, ci ne kawai ba zai yi ba, kuma ana iya kwancewa. Wurin nan da ake fara karatu mu ce masa bakin ƙwayar gado, yadda muke cewa bakin ƙofa. Takunkumi kuwa a baki ake sa shi. Methylation kuma ɗaurin metil.

Malamin Hausa:
Likita, Allah ya ƙara basira. Kafin in ga naka na so in kawo "bebantarwa", amma na janye: bebantaka ba abin da ake kwancewa ba ce, kuma ba na son a jingina cuta da masu wannan lalura. Takunkumi ta zauna. Ko ma'anarta ta labarai, wadda ake ƙaƙaba wa ƙasashe, ba ta ɓata komai ba, don ƙasar da aka sa wa takunkumi tana nan, hulɗa aka hana ta. Abin lura kawai, tun lokacin korona yara da yawa ƙyallen rufe hanci suke fara tunawa, don haka a fara faɗin ta da ɗan bayani.

Inda nake da ja shi ne ɗauri. Ana maganar hanji ka ce ɗauri, tsohuwa a ƙauye za ta ɗauka cikin ne ya ɗaure, bayan gida ya ƙi fita. Me zai hana mu ce liƙa metil? Kishiyarta ɓamɓare metil. Fi'ili ne da kowa ya sani, kuma yana nuna abu ne aka ɗora a kan rubutu daga waje.

Likita:
Na karɓa, Malam, liƙa ta fi. Tana ma ba mu damar faɗin yawa da ƙaranci, kuma muna bukatar duka biyun. Tun 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa DNA ta sankarar hanji ta rasa metil a wurare da dama idan aka gwada ta da ta lafiyayyen hanji. Wato metil ya yi ƙaranci a faɗin rubutun, ya yi yawa a bakin masu tsaro irin su MLH1, MGMT da p16. Kada shirin ya bar mutane da tunanin metil guba ne. Wurin da ya sauka ne matsalar.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne kalmar gado kanta. Mara lafiya na jin "ƙwayar gado" zai dubi 'ya'yansa. Akwai iyalan da suke gadon MLH1 mai kuskure a rubutunta, ana kiran lalurar Lynch, kuma ita ce sanadin kusan kashi 3 cikin 100 na sankarar hanji. Su lalle 'yan uwa na jini sai an gwada su, a riƙa leƙa hanjinsu da na'ura tun suna matasa. Amma idan an duba ƙarin sankarar aka tarar metil ne a bakin MLH1, galibi abin a hanjin mutumin ya faru, da tafiyar shekaru. Ƙwayar halitta tana miƙa takunkumin ga waɗanda ta rabu ta haifar, shi ya sa yake ɗorewa a cikin ƙarin, amma uba bai cika miƙa shi ga ɗa ba, sai a nadiri. Wannan gwajin ne likita ke yi don ya raba biyun. Idan muka ce "kashewa" ko "lalacewa" ga duka, mun haɗe abin da asibiti ke wahalar rabawa, mun tsorata gidan da ba ruwansa, ko mun kwantar da hankalin gidan da ya kamata ya tashi tsaye.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: "Idan aka liƙa metil a bakin ƙwayar gado, an sa mata takunkumi, tana nan amma ba ta aiki." Tambaya ɗaya ta rage. Tunda ana kwance takunkumi, in ce akwai maganin da ke ɓamɓare metil ɗin?

Likita:
A nan ka taka a hankali, Malam. A ɗakin gwaji an zuba wa ƙwayoyin sankarar hanji maganin da ke hana liƙa metil, MLH1 ta dawo aiki. Akwai kuma azacitidine da decitabine, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2004 da 2006, amma don wasu cututtukan ɓargo da jini ne, ba su zama maganin sankarar hanji ba. Inda abin ya riga ya yi amfani shi ne gano cutar: gwajin bayan gida na Cologuard, da aka amince da shi a 2014, yana neman metil a kan ƙwayoyin gado biyu, NDRG4 da BMP3. Ka gaya wa masu sauraro wannan, ka kuma ce duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yanayin fitarsa ya sauya na makonni, kada ya yanke wa kansa hukuncin basir ne, ya je a duba shi.