"Mai inji" ko "mai sarrafa kansa": neman daidaita kalmomin na'ura

'Yan uwa masu fassara da marubuta, akwai wani cakuɗe da ya daɗe a rubuce-rubucenmu na kimiyya da na labarai, inda ake kiran kusan duk abin da yake motsi ba da ƙarfin ɗan Adam ba "mai sarrafa kansa". Ana faɗin haka ga injin ban ruwa da keken ɗinki na lantarki, har ma da kwalekwalen da aka ɗaura wa inji a baya, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da yake yanke wa kansa lokacin tashi ko na tsayawa. A ganina tambayoyi biyu muke haɗewa wuri guda: daga ina ƙarfin yake fitowa, sannan wane ne yake ba da umarni yayin da ake aikin.

Tambayar farko bakin jama'a ya riga ya amsa ta da "mai inji", kamar yadda ake cewa kwalekwale mai inji ko zarto mai inji. Ba za mu iya jingina da kalmar "mota" ba, domin a Hausa ta zama sunan abin hawa mai taya huɗu, kuma wanda ya ji "famfo mai mota" ba zai gane ana nufin abin da yake juya famfon ba. Idan ana son bambancewa, sai a ce "inji mai ƙona mai" ga wanda yake shan fetur ko dizal, a ce "inji mai aiki da lantarki" ga irin na cikin fanka. Ina ba da shawarar a guji "injin lantarki", saboda mai karatu zai ɗauka janareta ake nufi, wato mai samar da wutar, ba mai amfani da ita ba.

Tambaya ta biyu ce take buƙatar natsuwa. Na'ura ba ta cancanci a ce tana sarrafa kanta ba sai idan tana auna wani abu, sannan ta ɗauki mataki bisa abin da ta auna ba tare da an sa mata hannu ba. Firji yana auna sanyin cikinsa, ya kashe injinsa idan sanyin ya kai yadda aka saita, ya sake tayar da shi idan ya fara ɗumi. Tun a shekarar 1788 injiniya James Watt na ƙasar Scotland ya sanya wa injin tururi wasu ƙwallaye biyu na ƙarfe masu juyawa tare da shi, waɗanda suke buɗewa idan gudu ya yi yawa, buɗewar tasu kuma ta rage tururin da yake shiga, injin ya lafa. Babu kwamfuta a ciki, babu ma lantarki, amma wannan sarrafa kai ne cikakke. Ke nan abu yana iya zama mai inji bai sarrafa kansa ba, kamar injin niƙa, yana kuma iya sarrafa kansa ba shi da inji, kamar dutsen guga da yake katse wutarsa idan ya yi zafi.

Direbobi da makanikai suna cewa "otomatik" ga motar da ba a canza mata giya da hannu, irin wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fara fitarwa da yawa a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Kalmar ta zauna a baki, ban ga dalilin yaƙarta ba. Sai dai a rubutu ya fi kyau a ce "mota mai canza giya da kanta", domin yanzu akwai "mota mai tuƙa kanta", kuma idan muka kira su biyun da suna ɗaya za mu rikita mai karatu a kan abin da ya shafi ransa. Haka "jirgi marar matuƙi" ya dace yadda yake, kada a ce "mai tuƙa kansa", tun da yawancinsu akwai wanda yake tuƙa su daga ƙasa.

"Na'ura" kuwa ta ci gaba da zama babbar kalmar da ta tattara duka. Daga Larabci muka same ta, inda take nufin babbar tayar katako mai ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda har yau suke tsaye a birnin Hama na ƙasar Siriya, gudun ruwan ne kuma yake juya su.

Abin da ya rage shi ne sunan aikin kansa, wato maye gurbin hannun ma'aikaci da na'ura a masana'anta ko a gona. Ina gabatar da "na'urantarwa", a kan tsarin "zamanantarwa" da "ilimantarwa", ta yadda za a ce an na'urantar da girbi idan inji ne yake yanka amma mutum yake tuƙa shi. Idan kuwa na'urar ce take gudanar da aikin daga farko har ƙarshe, na fi son "sakar wa na'ura aiki", ko da yake ta yi tsawo ga kanun labari. Wanda yake da gajeriyar kalma a nan ya kawo ta cikin cikakkiyar jimla, domin mu ji yadda take zama a kunne.