Bidiyon Maganin Sandarewar Gaɓoɓi: Abin da Masu Jinya Suka Tattauna a Gombe

A zaman da wasu masu jinyar waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suka yi a Gombe, bakinsu ya zo ɗaya cewa kafin a kwaikwayi bidiyon YouTube ko TikTok a fara duba wanda ya yi shi, domin yawan masu kallo ba ya nuna ƙwarewa. Duk bidiyon da ya yi alkawarin warkewa cikin mako guda, ko ya ƙare da tallar man shafawa, a yi watsi da shi.

Wata uwa ta ba da labarin yadda ta riƙa ɓanɓare yatsun ɗanta da ƙarfi kamar yadda ta gani a waya, sai hannun ya ƙara dunƙulewa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, saboda tsokar da ta sandare ƙara ɗaurewa take yi idan aka fizge ta. Miƙewa a hankali take buƙata. An kuma yi gargaɗi kan gashi da ruwan zafi ga wanda fatarsa ba ta ji sosai.

Game da magani, an tunatar cewa allurar Botox, wadda ake yi don sassauta tsokar da ta sandare, kan yi aiki kamar wata 3 ne, kuma daina shan baclofen, maganin sassauta tsoka, farat ɗaya haɗari ne. Shawarar ƙarshe ita ce a nuna wa likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi bidiyon a asibiti kafin a gwada shi a gida.