Mai kyau ko mai sa ni dariya, wanne zan tsayar?

'Yar Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Samari biyu ke zuwa zance wurina, Baba ya ce bayan babbar Sallah in fitar da ɗaya. Na farkon dogo ne fari ga saje, ƙawayena duk shi suke zuzutawa, amma wallahi in ya zo daga "ya gida" sai "ya su Umma" sai ya hau latsa waya, ni har hamma nake ɓoyewa cikin hijabi. Na biyun shago gare shi a Kwari, a ido ba yabo ba fallasa, sai dai bakinsa! Ranar nan ya kwaikwayi ɗan adaidaita yana rigima kan canjin naira hamsin, na yi dariya har Yaya ya leƙo daga soro ya harare ni.

Maman Biyu: Ƙanwata shekarata 14 a ɗakin miji, fuska kam wata uku kin saba da ita kamar labulen ɗakinki. Ranar da gas ya ƙare aka ɗauke wuta yaro na tsala ihu, mai sa ki murmushi za ki nema. Amma ki lura da wa yake wasan, in sai ya muzanta wani ake dariya to watarana ke zai yi wa a gaban danginsa.

Ɗan Zazzau: Anti kar a raina kyau fa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Mugira bin Shu'uba ya je ya kalli wadda zai aura. Binciken masanin halayyar ɗan Adam David Buss na 1989, mutum sama da dubu 10 a al'ummomi 37 har da Najeriya, ya nuna mu maza mun fi mata damuwa da kyau, amma ai bai ce mata ba su da ido ba. In ranki bai kwanta da ganinsa ba barkwanci ba zai gyara ba.

Bakatsine: Ni dai tausayin dogon nake ji, ƙila kwarjini kika yi masa, nima haka nake daskarewa a wurin zance. Ki fara jan sa da wasa ki gani.

'Yar Fagge: Yaya Bakatsine ai na gwada, labarin canjin nan na kwashe na ba shi har da muryar. Ya ɗago ya kalle ni ya ce "to Allah ya kyauta", ya koma kan wayarsa.