Ampli na ɗakin tiyata: sabo ko na hannu?

Mai kilinik, Marwa:
Salamu alaikum. Ƙaramin asibiti ne mai ɗakin tiyata ɗaya, kuma yawancin aikinsa karayar 'yan moto ce, cinya da ƙwauri, wani sa'in ƙugu. Ana son sayen ampli, wato C-arm, na'urar hoton X-ray mai hannu lanƙwasasshe kamar harafin C, don a riƙa ganin ƙashi yayin sa ƙarfe. Wani dillali a Duwala ya yi tayin GE OEC 9800 na hannu, wani kuma sabo ɗan Sin, kuɗinsu ba nisa. Wanne ya fi mana?

Mai gyaran na'urorin asibiti, Garwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar suna, tambayi kowannensu wa zai zo Marwa ranar da na'urar ta tsaya, kuma cikin kwana nawa. A rubuta amsar a takardar ciniki.

OEC 9800 na'ura ce mai ƙarfi, kilowat 15, anod ɗinta, wato ƙarfen da hasken X-ray ke fitowa daga jikinsa, juyawa yake, saboda haka tana jure dogon aiki, tana kuma ratsa ƙugun mai jiki. Sai dai samfurin ya haura shekara 20 da fitowa. Batura ne a cikinta ke tallafa wa janaretan hasken, in ta daɗe a ajiye ba caji sun mutu, sai ta ƙi tashi. Idan daga Amurka ta fito, a duba ko an mayar da ita volt 220 da hez 50 irin namu. Kada a biya sai an kunna ta gaban wanda ya san aiki: a ɗauki hoton farantin gwaji, a duba ko tsakiyar hoton ya dushe ko gefe ya karkace, alamar tsufan kan da ke karɓar hoto ke nan. A duba yoyon mai a jikin tib, wato bututun da ke fitar da hasken, da birkin hannun na'urar. Tib da kan hoto su ne masu tsada, ɗayansu ya lalace cinikin ya zama asara.

Ƙananan sababbin kuwa da yawa anod ɗinsu a tsaye yake, ƙarfinsu kilowat kaɗan. Sun isa ƙwauri da hannu, amma a dogon aikin ƙugu suna zafi su dakata har su huce. Amfaninsu garanti.

Abin da ya fi kashe su a nan kuran ne, wato wutar lantarki. A ja wa na'urar layi nata ita kaɗai, da wayar ƙasa mai kyau da regilata mai daidaita ƙarfin wuta, kada kuma a bar ta kunne lokacin juyawa zuwa gurup, wato injin wuta. Zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, dole ne, a rufe ampli da leda saboda ƙurar hunturu.

Likitan ƙashi, Ngaundare:
Malam ya gama maganar gyara. Nawa ƙari, Alhaji, kan hoto mai inci 9, wato santimita 23, ya ishi aikin karaya. Mai inci 12 na masu aikin jijiyoyin jini ne, kada a ɗora maka kuɗinsa. Teburin tiyata ma sai wanda haske ke ratsawa. In ƙarfe ya tokare ƙarƙashinsa, hannun ba zai juya ya ba ka hoton gefe ba.

Kuma don Allah a sa kariyar ma'aikata cikin lissafi: rigar darma mai kaurin milimita 0.35 ko 0.5 ga duk wanda ke ɗakin, abin wuya, da ma'aunin haske na kowa. Iyakar hasken da jikin ma'aikaci zai sha a shekara 20 ce a awon da ake kira milisiba. Tib a ƙasan tebur, kan hoto kusa da majinyaci, wanda ya ninka nisansa hasken da ke samunsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigunan a rataye su, naɗewa na fasa darmar. A nemi izinin hukumar kariya daga haskoki a Yawunde tun kaya bai iso ba.

Idan kuɗi bai kai ba, ƙarfen cikin ɓargo samfurin da ake kira SIGN an ƙera shi ne don a sa ba tare da ampli ba.

Dillalin kayan asibiti, Kusiri:
Ranka ya daɗe, a ɗauko na'urar cikin akwatin katako, a tsaye, hannun a kulle, domin hanyar Ngaundare zuwa Marwa tana girgiza kaya. A auna faɗin ƙofar ɗakin tun yanzu. Bayan doguwar ajiya kada a fara da babban kilovolt, wato ƙarfin wutar da ake ba tib, a ɗumama tib daga ƙasa a hankali yadda littafinta ya faɗa. Kuɗin ƙarshe kuma a riƙe shi sai an haɗa ta a Marwa an koya wa mutum biyu sarrafa ta.