Tsibirin May: in kai Umma ko in haƙura?

Bilkisu_Dundee:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san gaɓar tekun yankin Fife, a Sikotlan.

Umma za ta zo bikin yaye mu a watan Yuni in Allah ya kai mu, za ta yi mako uku a wurina a nan Dundee. Shekarunta 68, kuma iyakar tafiyarta Makka, sau biyu. Ba na son mako ukun nan ya ƙare tsakanin ɗaki da kantuna. Umma mai son tsuntsaye ce tun muna yara. A gidanmu na Zariya har yau ɗakin tattabarun da Baba ya bari yana nan, ita ke watsa musu dawa bayan sallar asuba kafin ta sa komai a bakinta. Ta san wadda ke kwanci, ta san wadda ta rasa abokin zama. Ga zabi, ga agwagi. In mun yi waya, labarin 'yan shila ya fi na 'yan unguwa yawa.

Wata abokiyar karatuna ta nuna mini hoton wani tsuntsu da ake kira fafin, baƙi da fari, bakinsa kamar an yi masa lalle da ja da ruwan ɗorawa. Ta ce a tsibirin May ta ɗauka, ana zuwa da jirgin ruwa daga garin Anstruther da ke gaɓar Fife a dawo a yini ɗaya. Na tura wa Umma hoton, sai ta ce, "Wannan na gaske ne ko zane?" Tun ranar zuciyata take wurin.

Abin da ke tsayar da ni uku ne. Tana da ciwon gwiwa, hawan bene sai da hutawa. Ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko kwale-kwalen rafi. Sannan salla, don Umma ba ta wasa da lokaci. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa mini gaskiya, in kai ta ko in haƙura?

Audu_Kirkcaldy:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, 'yata, ya kawo Hajiya lafiya.

Shekarata 11 a Fife, na je tsibirin nan sau uku, na ƙarshe da surukina wanda ya girmi Hajiya. Amsata ita ce ki kai ta, amma da sharaɗi.

Jirage iri biyu ne ke tashi daga Anstruther. Akwai babba mai ɗaukar mutum kusan 100, da rufi a ƙasa, da bayi. Akwai ƙananan na roba masu gudu, mutum 12, kowa da rigar ruwa, suna tsalle a kan igiya. Na farkon za ki kama, kada ki ko kalli na biyun. Tsibirin yana bakin mashigin Forth, tazarar kilomita 8 daga gaɓa, babban jirgin kan yi kusan awa ɗaya. Tafiyar duka awa huɗu zuwa biyar, a ciki za ku samu biyu zuwa uku a kan tsibirin. Lokacin tashi ba ɗaya ba ne kullum, cikar teku da janyewarta ke yanke shi, wata rana da safe, wata rana bayan azahar. Ki sayi tikiti tun yanzu, na Yuni ba ya kwana.

Daga Dundee, bas mai lamba 99 zuwa St Andrews, daga nan 95 zuwa Anstruther. In akwai mai mota a cikinku ya fi sauƙi saboda gwiwar.

Tun a jirgi ake fara yi muku bayani ta lasifika. Matuƙin yakan zagaya ta ƙarƙashin duwatsun yamma, masu tsayin kusan mita 45, a tsaye kamar ganuwa. Nan ne nake son Hajiya ta kasance a farke. Dutsen baƙi ne amma kashin tsuntsu ya mai da shi fari, kowane ɗan taki na dutse akwai tsuntsu a kai, sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar sahun idi. Kukansu sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji ki. Warin ma yana iso ku tun kafin ku ƙarasa, na kifi da na kashi, gara ki gaya mata tun a gida. A gindin duwatsun za ku ga dabbar da suke kira sil, mai kama da ayu, ta leƙo da kai tana bin jirgi da ido.

In kun sauka, ma'aikatan hukumar NatureScot masu kula da wurin suna tarbar mutane a bakin mashiga, su yi bayanin minti kaɗan, su ba da taswira. Daga nan kowa ya kama gabansa, amma suna nan a hanyoyi, ki tambaye su duk abin da kike so. Doka ɗaya suke nanatawa: kada a sauka daga turba. Fafin a rami yake ƙwai, ƙasar duk huje take, taku ɗaya zai iya rufta rami a kan ɗan tsako.

Ga sharaɗina. Tsibirin bai fi kilomita ɗaya da rabi a tsawo ba, rabin kilomita a faɗi, shi ya sa mutane ke ganin za su cinye shi a awa biyu. Kada ki bi su. Akwai wani hawa zuwa babbar hasumiyar fitila da suka sa wa suna Palpitation Brae, wato hawan bugun zuciya, ba na Hajiya ba ne. Hasumiyar dai Robert Stevenson ya gina ta a 1816, a kusa da ita akwai ragowar ta farko ta 1636, wadda a samanta ake hura gawayin kwal duk dare don jirage su gani. Ke kya iya hawa ki ɗauko mata hoto. Ita kuwa ki kai ta ɗakin baƙi da ke kusa da mashiga, akwai bayi da wurin zama da mafaka, ku nemi inda ramuka suke a gefen turba ku zauna. Surukina a wuri ɗaya ya yi awa biyu, kuma ya fi mu ganin abu, mu da muka zagaya.

Babu kanti a can, babu kwandon shara. Ruwa, shayi a fulas, abin taɓawa, duk ki ɗauko, ki koma da ledarki.

Maman_Ihsan:

Baba Audu ya faɗi gaskiya a kan kyan wurin, amma ni dai 'yar uwa sai na ja miki kunne a kan tekun.

Mun je daga Edinbura shekara biyu da suka wuce. Da safe gari lafiya lau, ko ganye ba ya motsi. Muna fita daga katangar tashar jirgin ruwa sai abu ya canja. Ni da nake ganin ina da ƙarfin hali, kafin rabin hanya na amayar da duk abin da na karya da shi, jiri bai sake ni ba har muka sauka, awa ɗaya ta farko a zaune na yi ta da kai a gwiwa. Wata tsohuwar Baturiya ce ta ba ni alewar citta, ta ce in daina kallon ƙasa, in kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ya taimaka a dawowa.

To ki yi tunanin dattijuwar da ba ta taɓa jin ƙasa na motsi a ƙarƙashinta ba. In kin ƙudura, ki je kantin magani ki nemi maganin jirin tafiya, ki faɗa musu magungunan da take sha kafin su ba ki, musamman in akwai na hawan jini. A sha kafin a shiga, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Karin safe mara maiƙo. Ku zauna a tsakiyar jirgi inda iska ke shigowa.

Sannan sukan soke tafiya in iska ta yi yawa, wani lokaci a safiyar ranar. Kada ki ajiye shi a makon ƙarshe, ki sa a na farko don a sami ranar ramuwa. Sanyi kuma kada Yuni ya ruɗe ki, a kan ruwa hunturun Kano ne da ƙari. Wando mai kauri a ƙarƙashin zane, safa, takalmi rufaffe, rigar ruwan sama, hijabin da iska ba za ta yi ta ɗagawa ba.

Da tawa uwar ce, da na fara gwada ta da ɗan gajeren zagayen da ake yi daga North Berwick zuwa dutsen Bass, ba a sauka, a ga yadda jikinta zai karɓa.

Nuhu_Kazaure:

Anti Bilkisu, karatuna a kan tsuntsayen teku ne, kuma na yi murna da jin labarin Umma, don mai kiwon tattabara za ta gane abin da take gani fiye da masu manyan kyamarori.

Yuni shi ne lokacin. Fafin a tsakiyar teku yake yin hunturu, ba ya taka ƙasa sam, har launin bakin nan yakan dushe. Sai wajen Afrilu yake dawowa, yawanci ramin bara da abokin zaman bara. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, uwa da uba na karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 40. A Yuni an ƙyanƙyashe, shi ya sa za ku gan su suna shigowa da 'yan kifaye sirara jere a baki, wajen goma a tafi ɗaya. Ku lura da manyan fararen tsuntsayen da ke tsaye a bakin ramuka, 'yan ƙwace ne, jira suke ya sauka su fizge. Farkon Agusta sun watse. Ƙidayar 2024 ta sami ramuka masu mazauna sama da dubu 50 a tsibirin. Kifin nan da suke ɗaukowa shi ne rayuwarsu, ɗumamar ruwa da kamun manyan jirage sun rage shi, har a 2024 aka hana kama shi a ruwan Sikotlan. A Yulin 2022 ma an rufe tsibirin na wasu makonni saboda murar tsuntsaye, don haka in an ce ku taka ruwan magani kafin shiga jirgi, ku taka.

Abu ɗaya Baba Audu bai ambata ba. A turbar da ta tashi daga mashiga akwai wani ɗan farin tsuntsu mai baƙar hula da jan baki, tan ake ce masa, a ƙasa yake ƙwai. Yana kare 'ya'yansa da gaske, saran kai yake yi. Ki sa wa Umma hula mai kauri a kan hijabi, ko ki ɗaga hannu sama da kanta, abin da ya fi tsawo yake kai wa hari. Kada ta ji haushinsa. Nauyinsa bai wuce giram 100 da ɗan kai ba, amma duk shekara yana zuwa ƙarshen duniya ta kudu ya dawo, kuma ta gaɓar Afirka ta Yamma yake bi. An taɓa bin sawun wani daga tsibiran Farne na Ingila, ya yi kilomita dubu 96 a zagaye ɗaya.

Audu_Kirkcaldy:

Na manta da maganar salla. A Yuni azahar takan shiga wajen ƙarfe ɗaya da kwata, la'asar sai kusan shida saura, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, lokaci a yalwace yake. Ku yi alwala kafin ku shiga jirgi, ku riƙe gorar ruwa ko da za a sake. Ni a gefen ɗakin baƙi na shimfiɗa darduma, na danne gefunanta da jaka saboda iska, alƙibla kudu maso gabas. Ba wanda ya ko ɗaga kai. In kun dawo Anstruther za ku so soyayyen kifi da dankali, garin ya yi suna a kai, sai dai ki tambayi irin man da suke suya da shi da abin da ke cikin ƙullin.

Bilkisu_Dundee:

Na dawo in yi godiya. Mun je ranar Talata, kwana biyar da saukar Umma. Baba Audu, Maman Ihsan, Malam Nuhu, Allah ya saka da alheri, kowace magana taku ta yi amfani.

Teku ta ɗan motsa. Umma ta riƙe hannuna da hagu, carbi a dama, ba ta yi amai ba amma ba ta ce uffan ba har muka shiga ƙarƙashin duwatsun. Nan ta saki hannuna ta miƙe tsaye da kanta ta dafa ƙarfe, tana ta "Subhanallah". Tan ya sare ni sau biyu a hannun da na ɗaga mata.

Ba mu yi nisa ba. Kafin mu kai ga fafin ma, a gefen turba, taku ɗaya daga ƙafarmu, Umma ta hango wata agwagwar teku ruwan ƙasa a lafe cikin ciyawa, ni ban ma gan ta ba. Ta tsayar da ni, ta ce a hankali, "Kwanci take, dubi yadda ta fige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa." Wata ma'aikaciya ta zo ta ce haka ne, kuma kusan kwana 26 take yi a kan ƙwan ba ta cin komai. Da na fassara, Umma ta daɗe tana kallonta, idonta ya kawo ruwa. Ta sa na tambayi matar ko akwai mai kai mata ruwa.

Sauran lokacin a kan benci muka yi shi, ramuka a gabanmu. Ta zaɓi rami ɗaya ta kafa masa ido, ta ƙirga sau huɗu ana shiga da kifi, sau ɗaya an ƙwace. Ta yi azahar a zaune saboda gwiwar. Ban hau hasumiyar ba.

Jiya ta kira ƙanena a Zariya ta yi masa kwatancen ramin na kusan rabin awa, sannan ta tambaye shi ko farar tattabarar nan ta ƙyanƙyashe.