Gelsenkirchen aka tura ni koyon walda: har yanzu akwai aikin ƙarfe a jihar nan?

Ɗan Walda:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na samu gurbin koyon walda da haɗa ƙarfe a Jamus, a garin Gelsenkirchen na jihar Nordrhein-Westfalen. Iyakar abin da na sani game da jihar shi ne birnin Bonn, inda sashen Hausa na DW yake, a cikinta yake. Mahaifina ya ce a makaranta an koya musu cewa yankin Ruhr ne cibiyar kwal da ƙarfe ta Turai. Wani kuma ya ce mini duk an rufe, garuruwan sun mutu. Wanne zan kama? Yaya jihar take, su wane ne mutanenta, da me suke cin abinci yanzu? Ba na so in kwashe shekara 3 ina koyon sana'ar da ba ta da kasuwa a inda nake.

Baban Ikilima:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sa alheri. Shekarata 11 a Duisburg, ina aiki a tashar jiragen ruwa, kuma Gelsenkirchen ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga ƙofata ba. Baba bai yi kuskure ba, wancan mutumin ma yana da ƙamshin gaskiya. Zamani ne ya raba maganarsu.

Jihar tana yammacin Jamus, ta yi iyaka da Holan da Beljiyam. Faɗinta murabba'in kilomita dubu 34 da ɗoriya, mutanenta kusan miliyan 18, kwatankwacin jama'ar Holan gaba ɗaya. Duk Jamus babu jihar da ta kai ta yawan jama'a. Turawan Ingila ne suka haɗa ta a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, suka sa Düsseldorf ta zama babban birni, ko da yake Kolon ta fi ta girma. Arewa, wajen Münster, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce da kiwo. Kudu maso gabas duwatsu ne da dazuzzukan Sauerland. Yankin Ruhr yana tsakiya, mutum kamar miliyan 5, garuruwa manne da juna: kana cikin jirgin ƙasa daga Duisburg zuwa Essen zuwa Bochum zuwa Dortmund, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara sai ka ji sanarwa.

Ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne zai fassara maka garin da za ka. A kudu, bakin kogin Ruhr, kwal yana kusa da doron ƙasa. Kana yin arewa yana ƙara nutsewa. Saboda haka haƙa ta fara daga kudu, da ya ƙare a can sai aka riƙa bin sa arewa, rami yana ƙara zurfi, kuɗin fito da shi yana ƙara yawa. A shekarun 1950 mahaƙan Ruhr sun kusa rabin miliyan. Daga 1958 kasuwa ta fara faɗuwa, don man fetur da kwal ɗin ƙasashen waje sun fi araha. Kudu ta riga rasa ramukanta, ta riga neman wata hanya. Jami'ar Bochum ta buɗe a 1965, ita ce ta farko a yankin a wannan zamanin. Arewa kuwa ta riƙe haƙa har ƙarshe. Rami na ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, zurfinsa ya wuce mita 1,000, an rufe shi a Disamban 2018. Na kalli bikin a talabijin tare da maƙwabcina, dattijon Baturke da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa. Da mahaƙa suka miƙa wa shugaban ƙasar Jamus Steinmeier curin kwal na ƙarshe, sai na ga dattijon nan yana share hawaye da bakin rigarsa. Ban ce masa komai ba, shayi kawai na ƙara masa.

To Gelsenkirchen a arewa take. Akwai babbar hanyar mota, A40, da ta ratsa Ruhr daga gabas zuwa yamma, mutanen nan suna ɗaukarta tamkar layin da ya raba masu hali da marasa hali. Kudancinta gidaje masu lambu, arewacinta tsofaffin unguwannin ma'aikata. Gelsenkirchen ta taɓa kusan kaiwa mutum dubu 400, yanzu ba ta kai dubu 300 ba, kuma tana sahun gaba a rashin aikin yi a Jamus. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Za ka ga shaguna a rufe a wasu tituna. Amma haya tana da sauƙi, mutanen kuma ba su da girman kai. Abin da ke ransu shi ne a bakinsu.

Kwal ya tafi, bashinsa bai tafi ba. An rarake ƙarƙashin ƙasa har wasu unguwanni suka nutsa fiye da mita 20, sun koma ƙasa da kogunan da ke gefensu. Injinan zuƙe ruwa suna aiki dare da rana, ranar da aka kashe su wurare da yawa za su zama tabki. Jamusawa da kansu suna kiran wannan aiki "ɗawainiyar har abada", kuma gidauniyar RAG, wato tsohon kamfanin haƙar kwal, ce ke biya. Duk wannan bututu ne da famfo da ƙarfe, kuma hannun ɗan Adam ne ke gyara su.

Ƙarfe kuwa bai mutu ba, ya taru ne a Duisburg, inda kamfanin Thyssenkrupp ke narka shi a bakin kogin Rhein. Yana cikin matsi dai, saboda tsadar wuta da ƙarfen Sin mai araha, ana ta maganar rage ma'aikata. Tasharmu ita ce tashar jiragen ruwa ta cikin ƙasa mafi girma a duniya, har jiragen ƙasa na kaya daga Sin nan suke sauke kwantena.

Maman Sadik:

Baban Ikilima, ka yi bayani, Allah ya saka. Sai dai ka tsaya a Ruhr kamar ita ce jihar duka, kada yaron nan ya karaya. Ni a Kolon nake, ina jinyar tsofaffi. Bakin Rhein wata duniya ce daban: manyan kamfanoni irin Bayer a Leverkusen, Henkel a Düsseldorf, Deutsche Telekom da DHL a Bonn, ga gidajen talabijin da kamfanonin inshora a Kolon. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin Jamus daga jihar nan yake fitowa. Matsalarmu a nan ɗaki ne, sai ka yi watanni kana nema.

Kuma ɗana, ga abin da ba a cika faɗa ba. A ƙananan garuruwan Sauerland da gabashin Westfalen akwai masana'antu na iyali, gadon kaka da kakanni, masu ƙera kusoshi da kayan gyaran mota da injuna. Miele ma, masana'antar injin wanki da kayan lantarki na gida, a Gütersloh take, ba a wani babban birni ba. Su ne ke kukan rashin masu sana'ar hannu, don ma'aikatansu suna tsufa, yaransu kuma jami'a suke so. Idan ka samu takardar shaidar gama koyo, ba a ɗaure ka a Gelsenkirchen ba. Ka dage da Jamusanci tun yanzu, don da shi ake jarrabawar.

Abu Hanif:

Ƙarin bayani kaɗan. Kwal ɗin cikin rami ne ya ƙare. Ana ci gaba da kwasar wani kwal mai launin ruwan ƙasa a manyan filaye irin Garzweiler, yamma da Kolon, kuma an tsayar da 2030 a matsayin shekarar dainawa. Batun mutane kuma, Ruhr ta saba da baƙi tun da daɗewa: 'yan Polan sun zo haƙa tun ƙarni na 19, Turkawa suka biyo bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta yi da Turkiyya a 1961. Masallaci da mahautan halal ba za su yi maka wuya ba. Babban masallacin unguwar Marxloh a Duisburg ya buɗe tun 2008.

Ɗan Walda:

Na gode ƙwarai, Yaya, na gode Mama, na gode Malam Abu Hanif. Na karanta wa Baba duka, ya daɗe shiru da ya ji an rufe ramin ƙarshe. Yaya, in na iso zan iya zama a Duisburg ina zuwa aiki kullum?

Baban Ikilima:

Za ka iya, jirgi yana zuwa kai tsaye, amma ban ba ka shawara ba. Masana'antu da yawa ƙarfe 6 na safe ake shiga, a lokacin sanyi kuma gari ba ya wayewa sai bayan 8, jirgi ma yakan makara. Ka nemi ɗaki kusa da wurin aikinka. Idan ka zauna, ka zo mu yi Juma'a a Marxloh, daga nan in kai ka Zollverein a Essen, ramin da aka rufe a 1986 aka mai da shi gidan tarihi, ka ɗauko wa Baba hoto.