Fentin tukunyar fulawa a gida: kowa ya faɗi yadda haɗin kala ya kaya masa

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tukwanen ƙasa na fulawa jere a baranda, ina son in yi musu fenti kafin Sallah, amma kalar da nake so babu ita a gwangwani. Kore nake nema irin na garin kuka, ba kore shar ɗin da ake shafa wa ƙofar shago ba. Mai sayar da fentin ya ce sai dai in haɗa da kaina. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa: me ya haɗa, a kan wace irin tukunya, kuma yaya fentin ya kasance bayan damina ta bi ta kansa.

Malamar zane, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman 'Yan Biyu. Wannan koren na sha haɗa shi da ɗalibaina, kuma ba daga koren gwangwani muke farawa ba. Ki zuba rawaya a kofi, ki ɗiga shuɗi kaɗan, ki juya. Zai ba ki kore mai ihu. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ja, amma ɗigo ɗaya-ɗaya, don in ya yi yawa ruwan ƙasa za ki samu. Daga nan sai fari, har ya kai hasken da kike so. Akwai kuma gajeriyar hanya da mutane ba sa yarda da ita sai sun gani: rawaya da ɗan baƙi kawai, babu shuɗi ko kaɗan, suna ba da kore mai duhu wanda ya yi kusa da abin da kike nema.

Kullum mai haske ake fara zubawa, mai duhu ya biyo baya. Wanda ya fara da shuɗi yana neman ya haskaka shi da fari, sai ya cika bokiti bai kai ba.

Abin da ya fi ba mutane haushi kuwa, kalar da ke cikin kofi ba ita ce za ta zauna a jikin tukunya ba. Fentin ruwa yana ƙara duhu idan ya bushe, sannan jan tukunyar ƙasa yana leƙowa ta ƙarƙashi ya canza shi. Shi ya sa nake fara shafa fari, ya bushe, kafin kala ta hau. Gwajin kuma a gindin tukunyar nake yi ko a kan katanga ta fasasshiyar tukunya, in jira ya bushe, in fito da shi tsakar gida in duba. Hasken ƙwan lantarki maƙaryaci ne a wannan harkar. Awo da sirinji nake yi in rubuta a takarda, kuma ina haɗa fiye da abin da nake bukata in rufe ragowar a kwalba, domin haɗi na biyu da ido ba ya taɓa zama daidai da na farko.

Mai fenti, Sabon Garin Kano

Malama ta gama magana a kan kala. Hajiya, ni abin da zan ƙara, ba rana ko ruwan sama ne ke fara cin fentin tukunya ba, ruwan da kike ba shukar ne. Tukunyar ƙasa tana tsatsa. Ruwan yana ratsowa daga ciki, ya tarar da fenti ya tare masa hanya, sai ya tura shi. Nan za ki ga ya yi ƙuraje, ya kumbura, ya fara ɓarewa, wani lokaci da farin gishiri-gishiri a wurin. An sha kirana in gyara irin wannan a gidaje, kuma kusan duk fentin mai ne aka shafa a waje aka bar cikin haka nan.

Yadda nake yi: in wanke tukunyar da burushi, in bar ta ta bushe ƙayau a rana, in bi ta da sanfefa sama-sama, in shafe cikinta da abin hana ruwa, sannan in taɓa waje. Ramin gindi kada a bari fenti ya toshe shi. Kuma kada a haɗa fentin mai da fentin ruwa a kofi ɗaya, ba sa shiri, guda-guda zai yi. Na ruwa da ruwa ake tsinka shi, na mai da kananzir.

In ta siminti ce sabuwa, a ba ta kamar kwana 28 kafin a kusance ta. Sabon siminti yana da kaifi, yana cin fentin mai ta ƙarƙashi har ya yi danƙo.

Mai lambu, Sakkwato

Malam mai fenti, a gafarce ni, a nan za mu rabu. Kai fenti kake kallo, ni shuka nake kallo. Wannan tsatsar da kake son toshewa ita ce amfanin tukunyar ƙasa. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan, ita ma saiwa haka take samun sanyi da iska. Ka shafe ciki da waje, ka mayar da ita roba, to me ya sa ba ka sayi robar ba tun farko? Na ga alobera ta ruɓe daga gindi a irin wannan tukunyar, don mai ita ta ci gaba da ba ta ruwa kamar da, ruwan kuma ba shi da mafita sai ramin ƙasa.

Sai maganar duhun kala. A nan wajenmu watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Tukunyar da na yi wa shuɗi mai duhu, da azahar ba ka iya ɗora hannu a gefen da ke kallon rana, na'a-na'ar da ke ciki kuwa ta wannan gefen ta fara ƙonewa. Na kusa da ita masu ruwan madara lafiya lau. Yanzu duk abin da zai zauna a rana fari nake rinjayarwa a haɗinsa.

Abin da ya raba mini gardama shi ne tukunya biyu. Shuka tana cikin ƙaramar da ba a taɓa ba, ita kuma a saka ta cikin babbar da aka yi wa ado. Ruwa bai taɓa fenti ba, saiwa ba ta rasa iska ba.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Allah ya saka da alheri. Baba mai lambu, to in shukar tana ciki tun tuni fa, kuma ba na son tumɓuke ta?

Mai lambu, Sakkwato

To 'yata, ki yi wa baki da kafaɗa ado kawai, ki bar sauran jikin tukunyar da gindinta da jansu. Sama ba ta cika jiƙa ba, fenti ya fi daɗewa a can. Ki rage ban ruwa kafin ranar, ki rufe ganyen da leda.

Inna, Damagaram

Ku 'yan Nijeriya komai sai gwangwani. Ni tukwanena na garin Mirriya ne da ke nan kusa da mu, kuma ban taɓa sa musu fentin kanti ba. Farar ƙasa nake jiƙawa, in tace, in raba biyu. Rabi ya zauna fari, rabi in zuba masa jar ƙasa da na niƙa, sai ya ba ni wani ruwan hoda mai taushi da ban taɓa gani a kanti ba. In ina son duhu, ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda iyayenmu ke yayyafa wa daɓe. Zanen kuma daga bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni nake kwaikwaya, dagi da layi-layi, da tsinke da ɗan tsumma.

Gaskiya ba ya jure damina, ruwa biyu masu ƙarfi sun wanke rabinsa. Amma ba ya kumbura, ba ya ɓarewa, dusashewa kawai yake yi, kuma da kaka ta yi sai in sake. Jikokina har rigima suke a kan wa zai riƙe tsinken.

Ɗaliba, Jos

Ni tawa ta roba ce, tsohon bokitin fenti ma na huda. Shunayya nake so, na haɗa ja da shuɗi kamar yadda aka koya mana a firamare, abin da ya fito sai ka ce ruwan kwata. Kuma da ya bushe da farce nake ɓare shi. Anti malamar zane, me ya faru?

Malamar zane, Zariya

Jan ne, ƙanwata. Yawancin jan da ake sayarwa yana da ɗan rawaya a cikinsa, to ja da shuɗi da rawaya in sun haɗu laka suke bayarwa. Ki nemi ruwan hoda mai ƙarfi, wanda ya karkata wajen shuɗi, ki ɗiga masa shuɗin. Ɓarewar kuma santsin roba ne. Sai kin goge ta da sanfefa har ƙyallin ya mutu, kin wanke da sabulu, sannan shafi biyu ko uku marasa kauri. Ko da haka, roba ba ta riƙe fenti kamar ƙasa.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau

Ban zo da maganar kala ba. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, ana sa musu dalma, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin da ke kasuwanninmu sun sha gano ta. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 ta kashe, duk da cewa wancan daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ne, ba daga fenti ba. Tukunyar fulawa a ƙasa take, daidai tsayin mai rarrafe, ɓawon fenti kuma yaro baki yake kai shi. Ni da na yi nawa fentin ruwa na saya. In za ku goge tsohon fenti da sanfefa ku jiƙa shi tukuna, a waje, yara ba sa kusa. Wanda za a shuka abin ci a ciki, irin ɗoɗɗoya ko tattasai, kada fentin mai ya shiga cikinsa.

Mai fenti, Sabon Garin Kano

Wannan gaskiya ne, Hajiya. Baba mai lambu kuma na karɓi maganar tukunya biyu, sai dai mai tukwane da yawa kuɗinsa ya ninku. Ga masu yi da hunturu: fenti yana saurin bushewa, amma ƙura tana manne masa tun yana ɗanye, sai ya yi kaushi. A yi a ɗaki da taga a buɗe, a kifa kwali a kai.

Masu zuba tukunyar siminti da kansu kuwa ba sa ma bukatar burushi. Akwai garin kala, ja da rawaya da baƙi, irin wanda masu bulon shimfiɗa tsakar gida ke amfani da shi. A gauraya shi da siminti tun a bushe kafin ruwa ya shiga, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin simintin, don in ya wuce tukunyar ba ta ƙwari. In da farin siminti aka yi kalar ta fi fitowa. Ja da rawaya a wannan haɗin suna ba da ruwan tukunyar ƙasa sak, na yi wa wani gida irinsu har maƙwabta na tambaya a wace kasuwa aka samo tukwane masu wannan girman.